Ziyarata Gidan Tarihin Yaƙi Na Umuahia



Yaƙin nan da aka gwabza a ƙasar nan daga 1967 zuwa 1970, kowa da sunan da yake kiransa. A makaranta an koya mana shi da sunan yaƙin basasa. Tsofaffinmu na Ama Hausa kuwa yaƙin Ojukwu suke cewa. Su kuma masu masaukinmu Ibo, idan dattijo ya ce maka abu kaza ya faru "oge agha", wato lokacin yaƙi, ba ya buƙatar ƙarin bayani, domin a wurinsu yaƙi ɗaya ne tak. Abin mamaki shi ne, mu da aka haifa a nan, a kan ƙasar da aka yi wannan yaƙi muka yi rarrafe, a garuruwan da aka yi wa ruwan bama-bamai muke kasa kaya, amma in ka tare ɗayanmu ka ce ya ba ka labari, ba zai wuce magana uku ba: an kashe Sardauna, Ojukwu ya yi tawaye, sojan Gowon sun ci shi da yaƙi. Shi ke nan. Alhali ga gidan da aka tara kayan yaƙin nan a cikin garinmu, kuɗin keke napep ne kawai tsakaninmu da shi.

Gidan yana Ebite Amafor, gefen hanyar da ta nufi Uzuakoli. An kafa shi a 1985, zamanin mulkin Buhari da Idiagbon, kuma hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da shi. Ba a banza aka zaɓi Umuahia ba. Bayan da sojan tarayya suka kama Inugu ranar 4 ga Oktoba 1967, nan Ojukwu ya dawo da hedkwatarsa, garin ya zama babban birnin Biyafara har zuwa Afrilun 1969. A daidai filin da gidan tarihin yake ne aka haƙa ramin da gidan rediyon Biyafara ya ɓuya yana watsa shirye-shirye. Sannan kada a manta, Janar Aguiyi-Ironsi ɗan Umuahia ne, haka ma Dokta Michael Okpara, Firimiyan Jihar Gabas. Wato dai garin nan da muke sayar da albasa da wake a cikinsa, tun daga farkon rikicin har ƙarshensa yana tsakiya.

Na je ne bayan Babbar Sallah ta 2023, lokacin da kasuwa ta ɗan yi sanyi, tare da wani abokina ɗan Ibo da muka yi sakandare tare. Akwai ɓangaren makaman gargajiya, kwari da baka, masu, garkuwa, takubba da bindigogi irin na maharba. Akwai kuma ɓangaren da ke nuna tarihin sojan Nijeriya da kakinsu da lambobinsu. Waɗannan ban daɗe a cikinsu ba, don hankalina yana waje, inda manyan kaya suke a fili.

Abin da zai fara ba ka dariya shi ne jirgin ruwan yaƙi, NNS Bonny, zaune daram a kan tudu a garin da ko teku babu. To amma dariyar ba ta daɗewa in ka tuna aikin da jiragen ruwa suka yi. Su ne suka toshe bakin teku tun farkon yaƙin, suka sauke soja a tsibirin Bonny a watan Yulin 1967, sannan da Fatakwal ta faɗa hannun Kanar Benjamin Adekunle a watan Mayun 1968, Biyafara ta zama ba ta da ƙofa ko ɗaya ta ruwa. Duk ɗan kasuwa ya san ma'anar a rufe hanya. Mu da kwana uku kawai in tirela ba ta sauko daga Arewa ba farashin tumatir ke haukacewa, sai a ƙiyasta wata da watanni.

Gaba kaɗan jiragen sama ne. Ga Ilyushin 28 mai jefa bam da MiG 17, ƙirar Tarayyar Sobiyet, waɗanda gwamnatin tarayya ta yi amfani da su, da yawansu kuma matuƙa 'yan ƙasar Masar ne suka tuƙa su. Kusa da su ga wani ɗan mitsitsin jirgi, in ka gan shi sai ka ce na wasan yara ne. Irinsa ne wani Bature ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya kawo guda biyar a watan Mayun 1969, aka ɗaura musu rokoki a ƙarƙashin fiffike, suka riƙa tashi ƙasa-ƙasa dab da kan itatuwa, suka kai hari filayen jirgin sama na Fatakwal da Benin da Inugu suka lalata jirage a ƙasa. Abokina ya tsaya a nan yana murmushi, ni kuwa babban nake kallo. Domin manyan jiragen nan ba sansanin soja kaɗai suka jefa wa bam ba, sun jefa a kasuwanni ranar da kasuwa ke ci, sun jefa a asibitoci. Kakar abokina, in ji shi, har ta rasu in ta ji ƙarar jirgi sai ta kalli sama ta nemi gindin bishiya. Saboda haka ne ma a lokacin aka mayar da kasuwanni cikin daji, ana ci da asuba ana watsewa kafin rana ta ɗaga.

Daga nan sai motocin sulke. Wasu na tarayya ne da 'yan Biyafara suka ƙwace suka sa musu sunan wurin da aka kama su, kamar wadda ake kira Oguta Boy. Wasu kuwa su suka ƙera abinsu, waɗanda suka yi wa laƙabi da jajayen shaiɗanu: tsofaffin motoci ne aka yi wa riga da faifan ƙarfe aka bi da walda. Ba su da kyan gani ko kaɗan, kuma ina jin wanda ke ciki da tsakar rana ya sha zafi. Amma duk wanda ya taɓa shiga layin makanikai a Aba ko Nnewi zai gane hannun. Haka tukwanen da suka riƙa dafa ɗanyen mai suna fitar da fetur da kananzir bayan matatar Fatakwal ta kuɓuce musu. Duk aikin wani sashe ne na injiniyoyi da malaman jami'a da suka kira RAP, masu bincike da ƙere-ƙere.

Shahararren abin da suka ƙera shi ne ogbunigwe, ma'anarsa mai kashewa da yawa. Wasu na ce masa bokitin Ojukwu, kuma wallahi in ka gan shi bokitin ne. Ana cika shi da albarushi da guntayen ƙarafa da ƙusoshi da duwatsu, a binne a gefen hanya ko a saita bakinsa inda soja za su ɓullo, a ja waya a ɓuya. Akwai kuma wanda ake harbawa kamar roka. Jami'in da ke zagayawa da mu, da ya zo nan sai ya kawo labarin Abagana. Ranar 31 ga Maris 1968, jerin gwanon motocin Runduna ta 2, kusan mota ɗari, ɗauke da soja da harsasai da tankokin mai, suna kan tsohuwar hanyar Inugu zuwa Anacha, sai mutanen Manjo Jonathan Uchendu suka yi musu kwanton ɓauna a Abagana. Harbi ɗaya ya samu tankar mai, wuta ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya, sojoji da dama suka ƙone a wurin. Yana cikin bayani sai ya lura da hulata, ya ɗan sassauta murya ya ce, "Malam, tarihi ne fa kawai." Na ce masa ya ci gaba, ai abin da ya kawo ni ke nan.

Kwamandan wannan runduna shi ne Kanar Murtala Muhammed. A nan ne, jama'a, maganar take da nauyi a bakin Bahaushe. Mu mun tashi mun tarar Murtala gwarzo ne, mutumin Kano, wanda ya yi mulkin wata shida ya girgiza ƙasa, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976, ga hotonsa nan a naira ashirin. Wannan duk gaskiya ne. To amma sojojin rundunarsa ne kuma suka shiga Asaba a farkon Oktoban 1967, inda ranar 7 ga wata aka tara maza da samari da suka fito da fararen kaya suna nuna goyon bayan Nijeriya ɗaya, aka ware su daga mata, aka buɗe musu wuta a Ogbe-Osowa. Ɗaruruwa suka mutu. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba a taɓa faɗa mini shi a gida ba. Saboda haka in ka ciro naira ashirin ka miƙa wa tsohuwa 'yar Asaba canji, ka sani fuskar da kake gani a jiki ba ita take gani ba. Ni ban ce kowa ya daina ƙaunar Murtala ba. Cewa na yi wanda ke zaune cikin mutane ya kamata ya san inda ke musu ciwo, ko don kada ya taka.

Ɓangaren yaƙin basasa yana cikin ramin gidan rediyon ne, ana sauka ta matakala, hotunan manyan ɓangarorin biyu suna jere a bango. A nan na tsaya ina lissafin wani abu. Ojukwu a Zungeru aka haife shi a 1933, yana jin Hausa, kuma a daren da aka yi juyin mulkin farko shi ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano. Manjo Nzeogwu da ya kai hari gidan Sardauna a Kaduna aka haife shi, har sunan garin ya bi shi, ana ce masa Chukwuma Kaduna, Hausa kuwa kamar jakin Kano. Da aka kashe shi kusa da Nsukka a watan Yulin 1967, Kadunan aka mayar da gawarsa aka binne a maƙabartar soja. Azikiwe ma a Zungeru aka haife shi a 1904. Wato su ma 'ya'yan baƙi ne da aka haifa a ƙasar wasu, kamar ni da kai. A ɗaya gefen kuma, a shekarun 1950 wani Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma zaɓensa aka yi a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Yau in ka faɗi wannan a majalisar masu shayi sai a ce ƙarya kake.

Wani abin kuma, a bakin mutanen nan duk sojan tarayya "ndi Awusa" ne, wato Hausawa. Alhali Gowon ɗan ƙabilar Angas ne kuma Kirista, Danjuma Bajukune ne, Adekunle da Obasanjo Yarabawa ne, Muhammadu Shuwa mutumin Barno ne, kuma cikin ƙananan soja 'yan Tibi da sauran ƙabilun tsakiyar ƙasa ba su ƙirguwa. Haka mu ma duk ɗan Biyafara Inyamuri ne a wurinmu, alhali Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ɗan Ibibiyo ne. Sunan dai ya riga ya manne, kuma mu masu kasa kaya a bakin titi mu muka gaje shi.

Gidan makamai ne, aikinsa ya nuna makamai, kuma ya nuna. Amma ni a ganina yaƙin bai fara da bindigar da aka harba a Gakem ranar 6 ga Yuli 1967 ba. A unguwannin baƙi ya fara, da tashoshin jirgin ƙasa, shekara guda kafin nan. Ga yadda abin ya bi. Ranar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, wasu manjoji, akasarinsu Ibo, suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola, da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammed da Abogo Largema da James Pam. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Babu wani babban ɗan siyasar Gabas da aka taɓa, kuma mulki ya faɗa hannun Ironsi, wanda bai gurfanar da masu juyin a gaban shari'a ba. Ranar 24 ga Mayu ya fitar da doka mai lamba 34 wadda ta rushe jihohi ta mayar da ƙasar dunƙule guda. Kwana biyar bayan haka aka fito da kiran "a raba" a biranen Arewa, aka far wa Ibo a Sabon Gari. Ranar 29 ga Yuli sojan Arewa suka rama juyin mulki, aka kashe Ironsi tare da mai masaukinsa Fajuyi a Badun, Gowon ya hau. Sai kuma mafi muni, ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba.

Ku lura da abin da ya kunna wannan na ƙarshen. Gidan rediyon Kwatano ne ya ba da labarin cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, rediyon Kaduna ya ɗauka ya maimaita. Wato da sunanmu, mu mazauna Gabas, aka ɗauki makami. Aka bi Ibo gida-gida a Kano da Jos da Zariya da Kaduna da Makurɗi da sauran garuruwa, har filin jirgin sama na Kano sojoji suka shiga ranar 1 ga Oktoba suka harbe masu jiran jirgi. Masu ƙiyasi sun saɓa, daga masu cewa dubu takwas zuwa masu cewa dubu talatin, waɗanda suka gudo gida kuwa sun haura miliyan. Su waye waɗannan mutane? Masu shaguna ne, da makanikai, da akawuna, da ma'aikatan reluwe, da matansu da 'ya'yansu da aka haifa a can ba su san wani gida ba. Ba su suka shiga gidan Sardauna ba. Da jirage suka fara isowa nan da gawarwaki da masu raunuka, sai aka juya kan Hausawan Inugu da Fatakwal da Aba da Anacha, waɗanda su ma ba su suka shiga Sabon Gari ba. A watan Oktoban nan Ojukwu, a matsayinsa na gwamna, ya ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya fita, ba zai iya ba da tabbacin tsaron ransa ba.

Kakana yana cikin waɗanda suka fita. Ya zo garin nan ne a shekarun 1950 yana ɗan rakiyar shanu a tarago, domin tun da aka haɗa layin dogo na Gabas da na Arewa, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, Umuahia ta zama babbar kasuwar shanu ta wannan yanki. Daga rakiya ya zama dillali, ya yi aure, ya kama haya. Ban riske shi da wayo sosai ba, Baba ne ke ba mu labarin, shi ma ba ya son yawan maimaitawa. Ya ce wani mahauci ɗan Ibo da ke karɓar shanu bashi a hannun Kaka shi ya ɓoye su kwana biyu a ɗakin da yake ajiye doya, sannan ya raka su tasha da dare, matarsa ta ɗaura wa kakata zane irin nasu. A lokacin akwai kuɗin shanu uku na Kaka a hannunsa. In da mugu ne, ai hanyar cin bashin ta samu.

Abin da Kaka ya fi faɗa, in ji Baba, shi ne wata tasha a hanya inda aka tsayar da jirginsu don wani ya wuce, tunda layin ɗaya ne. Jirgin da ya zo daga Arewa ne, cike maƙil har kan rufi. Ya tsaya dab da nasu, taga na kallon taga. Ya ce ga mutane da ɗaurin tsumma a ka jini ya bushe, ga mace riƙe da ƙullin kaya ba ta ko ƙifta ido. Babu wanda ya zagi wani, babu wanda ya yi magana. Can sai wani daga cikin wancan jirgi ya tambaya da Hausa tsantsa, irin ta Kano, ko akwai mai ruwa. Aka miƙa masa buta ta taga. Jirginsu ya tashi da butar.

Ƙanin Kaka kuwa yana Fatakwal yana sayar da goro. Shi bai iso ba.

Na kawo wannan ne don abin bai tsaya a 1966 ba, kuma duk wanda ke karanta wannan ya san haka. A watan Fabrairun 2000 aka yi rikicin shari'a a Kaduna, mako guda bayan haka aka rama a kan mutanenmu a Aba da nan Umuahia. A watan Fabrairun 2006 aka yi na zanen ɓatanci a Maiduguri, kwana uku tsakani Anacha ta kama, Hausawa suka tsallaka gada zuwa Asaba, wasu suka fake a bariki. Na 2017 kuwa da wayona. Ranar 6 ga Yuni wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Su sun yi maganarsu a gaban 'yan jarida sun koma gida sun yi barci, mu ne a nan muka kwana da takalmi a ƙafa. An janye wa'adin a watan Agusta, amma a Satumba da soja suka yi arangama da magoya bayan Nnamdi Kanu a Afaraukwu, cikin garin nan, sai da tawagar gwamnonin Arewa ta taso ta zo har Umuahia don a kwantar da hankali. A kwanakin nan Baba kullum yana waya da wani abokin cinikinsa ɗan Ibo da ke Sabon Garin Kano, kowa na tambayar ɗan uwansa, "Yaya wajenku?" Domin kowannensu ya san in wajen ɗaya ya ɓaci, na ɗayan ma ya ɓaci. Bahaushen Aba da Inyamurin Kano jingina ne a hannun juna, ko sun sani ko ba su sani ba.

Mu koma cikin ramin. Hotunan da suka fi tsaya mini a rai na yaran nan ne masu kumburarren ciki da jan gashi da ƙafafu kamar sillen kara, ciwon da ake kira kwashiyoko, na rashin abinci mai gina jiki. Yunwa ta kashe mutane fiye da harsashi nesa ba kusa ba. Mafi ƙarancin ƙiyasi rabin miliyan ne, wasu na cewa miliyan biyu, akasari yara. Wannan yanki dama da shanun Arewa da wakenta da busasshen kifin Turai ya dogara, yaƙi ya yanke duka a lokaci guda. A Janairun 1968 kuma gwamnatin tarayya, Awolowo na riƙe da ma'aikatar kuɗi, ta canja takardun kuɗi, kuɗin da ke hannun Biyafara suka zama takarda. Abin da ya rage shi ne filin jirgin Uli, wanda asalinsa titin mota ne aka faɗaɗa, jiragen agaji na coci-coci suna tasowa daga tsibirin Sao Tome suna sauka cikin dare, a kunna fitila na ɗan lokaci a kashe. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a nan su ne suka koma suka kafa ƙungiyar likitocin nan na sa-kai ta MSF a 1971.

A matsayina na ɗan kasuwa, abin da ya fi burge ni shi ne abin da suke kira "afia attack", kasuwar bakin daga. Mata ne ke ɗaukar kaya a ka, su ratsa daji da dare su tsallaka layin soja zuwa yankin da ke hannun tarayya, su sayo gishiri da kifi da sabulu da magani su dawo. Gishiri a lokacin ya fi kuɗi daraja. Wasu an harbe su, wasu an yi musu abin da ba ya faɗuwa, wasu sojan nasu ɓangaren ne suka zarge su da leƙen asiri. Tsofaffin matan nan da ke zuwa rumfarmu suna ja-in-ja a kan naira hamsin har ranka ya ɓaci, wasunsu da wannan fatauci suka raya gidajensu suna 'yan mata.

Daga gidan tarihin muka wuce ramin Ojukwu, wanda yake can unguwar GRA cikin gari. Gida ne sosai a ƙarƙashin ƙasa, zurfinsa ya kai wajen mita takwas, da falo da ɗakin kwana da kicin da banɗaki da hanyoyin sulalewa, an gina shi a 1968 cikin kwana casa'in. Aiki ne na gwaninta, babu musu. Sai dai bayan hotunan yaran can, ban iya tsayawa ina yaba siminti ba, minti kaɗan na fito.

Washegari na hau mota ni kaɗai zuwa Uzuakoli, don a can ne aka yi gumurzun da ya yanke wa Umuahia hukunci. A ƙarshen Maris 1969 Runduna ta 1 ta Kanar Muhammadu Shuwa ta taso daga arewa, ta kama Uzuakoli, inda Biyafara ke da matatar mai, sai 'yan Biyafara suka yi kukan kura suka dawo. A nan ne wani matashin hafsa mai jagorantar bataliya ta 44, Ibrahim Babangida, ya samu rauni aka ɗauke shi zuwa Legas. A watan Satumban shekarar ya auri Maryam, wadda mahaifinta ɗan Asaba ne. Wanda ya saba da filin Arewa, inda kake hango mutum tun daga nesa, sai ya tsaya a gefen hanyar nan zai gane abin da sojan suka tarar. Tudu ne da kwari, ga jar ƙasa mai santsi in an yi ruwa, ga itatuwan kwakwar manja da duhuwar da in ka yi taku goma cikinta ba a ganinka. Motar sulke ba ta da zaɓi sai ta bi titi, titin kuwa an san ta nan za ta zo. Sai da sojan tarayya suka zagaya ta wajen Bende sannan suka shiga Umuahia ranar 22 ga Afrilu 1969, suka tarar an kwashe. Kwana uku bayan haka 'yan Biyafara suka ƙwato Owerri suka mayar da hedkwata can, yaƙin ya ƙara wata tara. Na zauna a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa na sha lemo, mai rumfar na ce mini aboki, tana tambayata ko na kawo albasa ne.

Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa a daren 10 wayewar 11 ga Janairu 1970, Effiong ya yi shelar ajiye makamai ranar 12, aka sa hannu a barikin Dodan ranar 15, shekara huɗu cif da kashe Sardauna. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci. Amma wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, ko ya taɓa ajiyarsa a lokacin yaƙi, fam 20 aka ba shi komai yawan abin da yake da shi. A Fatakwal an riƙe wa Ibo gidaje da sunan dukiyar da aka yasar. A Arewa kuwa an sha ba da labarin maƙwabtan da suka riƙe wa mutum gidansa, ya dawo suka damƙa masa har da kuɗin haya.

Kaka ya dawo Umuahia a 1971, 'yan uwansa na ce masa ya haukace. Ya tarar mahaucin nan ya mutu a yaƙi, da 'ya'yansa biyu ƙanana. Bai je da maganar bashi ba, ta'aziyya ya je yi. Matar ce da kanta ta tayar da zancen, ta ce mijinta ya bar mata wasiyya. Ba ta da ko sisi, sai ta riƙa aiko da garwar manja duk kaka, shi kuma yana turawa Kano ana sayarwa. Baba ya ce an yi shekara shida ana haka kafin Kaka ya rantse mata cewa kuɗin sun cika, ko da yake a lissafin Baba ko na saniya biyu ba su kai ba.

Fatakwal kuwa sau uku yana zuwa neman ƙaninsa. Unguwar da yake zaune an sake ta, waɗanda suka san shi sun watse, babu wanda ya ce ya ga gawa, babu wanda ya ce ya gan shi a jirgi. Kakata ba ta yarda an yi masa sadakar arba'in ba sai bayan shekara goma. Sunansa aka mayar wa Baba ƙarami, ƙanin mahaifina, wanda yanzu yake harkar shanu a Lokpanta.